Kunshin Tankin Murjani na Lita 200: Me Ya Cancanci Kuɗinsa a Kaduna, Me Kuma Talla Ce Kawai

Duk wanda ya nemi kafa tankin murjani na ruwan gishiri a Kaduna, wato tankin gilashin da ake kiwon murjani mai rai da kifin teku a cikinsa, abin da dillali zai fara turo masa hotonsa shi ne kunshin da ake kira "cikakke". Akwai tankin gilashi na kimanin lita 200, da ƙaramin tankin tacewa da ke zama a ƙarƙashinsa, da fitilar LED mai shuɗin haske, da injin kumfa da 'yan harkar ke kira sikima, wanda ke cire datti daga ruwa, da hita, da bokitin gishirin teku, da dutse da yashi waɗanda aka ce "masu rai" ne, sai kuma jerin kwalabe na sinadarai masu kyawun kwali. Tare da kayan ake ba da shawarwari da aka gada daga littattafai da tallace-tallacen Amurka da Jamus.

Kayan galibi ba jabu ba ne, kuma suna aikin da aka ƙera su dominsa. Matsalar ita ce an haɗa kunshin ne don gidan da wuta ba ta ɗaukewa, ruwan famfo na zuwa da ƙarfi, kuma sanyi ne abin tsoro. A Kaduna abubuwa uku ne ke kashe tanki: ɗaukewar wuta, zafin bazara, da ruwan da ba a tace shi sosai ba. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da kunshin ya yi wa tanadi.

Wuta da zafi, waɗanda ba sa cikin kwalin

Ruwan teku a digiri 26 yana riƙe iskar oksijin kimanin miligiram 6.5 ne kacal a kowace lita, ƙasa da abin da ruwan daɗi ke riƙewa, kuma yana ƙara raguwa idan ruwan ya ɗumama. Kifi, murjani da biliyoyin bakteriyar da ke jikin dutse duk wannan iskar suke shaƙa. Da zarar famfo ya tsaya, saman ruwa ya kwanta, musanyar iska ta yanke. A tankin da ke da kifi da yawa, sa'o'i kaɗan sun isa a fara ganin kifi na haki a sama. Fitila kuwa murjani zai iya kwana biyu zuwa uku ba tare da ita ba. Don haka abin da ba a yarda ya tsaya ba shi ne motsin ruwa.

Lissafin ba shi da wuya. Famfon da ke maido da ruwa daga tankin ƙasa yana cin kimanin wat 25, famfon kaɗa ruwa na cikin tanki wat 15. Wat 40 ke nan, wato kusan kilowat-awa 1 a kwana. Batirin litiyom mai bolt 12.8 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da kilowat-awa 1.28, zai riƙe famfunan biyu kusan kwana guda bayan an cire abin da inbata ke ci. Idan batirin ruwa ne na gargajiya, a lissafa rabin abin da aka rubuta a jikinsa, domin zuƙe shi har ƙasa yana kashe shi da wuri. Kada a haɗa hita ko injin sanyaya ruwa a layi ɗaya da famfunan, don za su shanye batirin kafin asuba. A ajiye kuma ƙaramin famfon iska mai batir, irin wanda ke tashi da kansa idan wuta ta ɗauke. Shi ne abu mafi araha a harkar baki ɗaya, kuma da wuya a ga dillali ya sa shi cikin kunshi.

A duba takardar jikin kowace na'ura kafin a biya. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai zagaye 50 a daƙiƙa. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka bolt 110 zuwa 120 ne mai zagaye 60. Ko an sa musu taransifoma, famfon AC zai juya a hankali fiye da yadda aka tsara shi. Famfunan DC masu adafta da ke karɓar bolt 100 zuwa 240 su suka fi dacewa, sun kuma fi jure hawa da saukar wuta. A sa makashin wuta mai gane yoyon lantarki a layin tankin, domin ruwan gishiri na ɗaukar wuta sosai, ga shi kullum hannu a cikinsa yake.

Murjani na so a riƙe shi tsakanin digiri 24 da 27. A cikin namansa akwai ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya da ke sarrafa haske su ba shi abinci. Idan ruwa ya daɗe a digiri 30 ko sama, sai ya fitar da su, ya koma fari, daga nan yunwa ta ƙarasa shi. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Kaduna kan haura digiri 35, ɗakin da ba a sanyaya shi kuma yakan riƙe zafin har dare. Famfuna da fitila su ma duk wutar da suka ci zafi take zama. Amma kunshin da hita mai wat 300 yake zuwa, babu abin sanyaya ruwa.

Shawarar da aka saba ji ita ce a sayi injin sanyaya ruwa. Yana aiki, sai dai ƙaramin cikinsu yana cin wat 150 zuwa 200, kuma idan ya yi sa'o'i 10 yana juyawa ya ci kusan abin da sauran kayan tankin suka ci gaba ɗaya. Zafin da ya cire kuma cikin ɗakin yake zubawa, in ba a fitar da shi waje ba. Kafin a kai ga wannan, a gwada fanka. Lita ɗaya ta ruwa idan ta zama tururi tana tafiya da zafin da ya kai ya sauke lita 200 da kimanin digiri 3. Ƙananan fankoki biyu masu bolt 12 da ke hura saman ruwa kan sauke shi da digiri 2 zuwa 3, kuma bushewar iskar Kaduna a farkon bazara tana taimaka musu. Inda suke gazawa shi ne lokacin da damina ke ƙaratowa, zafi bai sauka ba, danshi kuma ya shigo iska. Wanda ɗakinsa ke wuce digiri 32 a wannan lokacin, ko dai injin sanyaya ruwa ko na sanyaya ɗaki, babu hanya ta uku. Wasu kan mayar da lokacin fitila zuwa yamma da dare don rage zafin rana, kuma murjani bai damu ba muddin lokacin bai riƙa canzawa ba. Mai sola dai ya tuna cewa hakan yana nufin fitilar daga batir za ta ci.

Hita tana da amfani a daren hunturu na Disamba da Janairu, amma wat 100 ta isa. Hita idan za ta lalace, sau da yawa a kunne take maƙalewa, kuma mai wat 300 za ta dafa lita 200 kafin a farka. A haɗa ta da na'urar auna zafi mai zaman kanta wadda ke yanke wuta a digiri 26, ita kuma ta kunna fanka a 26.5.

Ruwa da gishiri

Ana yawan cewa "ruwan bohol ɗina garai yake" ko "fiya wata zan yi amfani da shi". Ruwan sha daban, ruwan murjani daban. Ruwan famfo na zuwa da kulorin, na rijiyar burtsatse kuma yana iya ɗauke da ƙarfe, silika da naitiret gwargwadon unguwa. Ruwan da ya ƙafe tsantsarsa yake tafiya, ya bar duk abin da ke cikinsa a tanki, don haka ƙazantar da ba ta kai a damu da ita a kofi ɗaya ba, taruwa take yi wata bayan wata. Jan ƙarfe ko da ɗan mitsitsi ne yana kashe jatan lande da dodon koɗi.

Abin da ake buƙata shi ne matatar RO/DI, wadda ke tace ruwa har ya zama tsantsa, mai hawa huɗu: matacin laka mai maikiron 5 ko 1, gawayin tacewa, fatar RO mai galan 75 a kwana, da ƙwayoyin DI a ƙarshe. Na'urar auna TDS, wato narkakkun sinadaran da suka rage a ruwa, ta nuna sifiri a bakin fita. Ga inda mutane ke faɗawa: fatar RO na son ƙarfin ruwa na psi 50 zuwa 80, alhali tankin saman gida mai tsayin mita 6 bai fi psi 8 zuwa 9 yake bayarwa ba. Ba tare da famfon ƙara ƙarfi ba, ruwa zai riƙa ɗiga, tacewar ta yi rauni, ƙwayoyin DI masu tsada su ƙare cikin 'yan makonni. Matatar kan zubar da kimanin lita 4 kafin ta ba da lita 1. A tara wannan don wanki da shara.

Gishirin kunshin ba laifi. Abin lura shi ne adadin litar da ake bugawa a bokiti. Bokitin kilo 22 da aka rubuta lita 660 an lissafa shi ne a kan giram 33 a lita, wanda bai kai gishirin da murjani ke so ba. Don a kai kashi 35 cikin 1,000, wato nauyin ruwa 1.026, ana bukatar kimanin giram 38 a lita, don haka bokitin lita 580 zai yi. Cikon farko zai ci kilo 7.6. Idan ana canza lita 20 duk mako, shekara za ta ci kusan kilo 40. A zuba gishiri cikin ruwa, ba ruwa a kan gishiri ba, in ba haka ba kalsiyam zai daskare ya zama farin gari da ba ya narkewa. A rufe bokitin sosai a damina, don danshi na mayar da gishirin dutse.

Gishirin da aka rubuta wa "Pro" ko "na murjani" ba lallai ya fi na talaka ba. Bambancin galibi a yawan alkaliniti ne, wato kabonet ɗin da murjani ke gina ƙashinsa da shi, wanda ake aunawa da ma'aunin dKH. Red Sea Coral Pro yakan fito kusan dKH 12, Tropic Marin Pro-Reef kuma kusa da 7 zuwa 8, wanda ya fi kusa da ruwan teku na ainihi. A sabon tankin da ba shi da abinci sosai a ruwa, alkaliniti mai yawa yakan ƙone kan rassan murjani masu tauri. A zaɓi wanda ya yi kusa da lambar da ake son riƙewa, kuma wanda za a iya sake samunsa bayan wata shida.

Ma'aunin gishiri na roba mai allura da ke zuwa a kunshin, a ajiye shi gefe: kumfa ɗaya idan ta maƙale a allurar, karatun ya karkace. Rifiraktomita, wadda ke auna gishiri ta yadda ruwa ke karya haske, ta fi, amma takardarta na cewa a daidaita ta da tsantsar ruwa, kuma wannan shawara tana ɓatar da mutane, domin yawancin masu araha an yi su ne don ruwan gishirin girki. A daidaita ta da ruwan gwaji na 35. Ana iya haɗa shi a gida da sikeli mai kyau: giram 3.65 na busasshen gishiri zalla a cikin giram 96.35 na ruwan RO yana karya haske daidai da ruwan teku na 35.

A hunturu, musamman idan fanka na hurawa, tankin kan rasa lita da dama a kwana. Lita 10 idan ta ƙafe daga 200, gishiri ya tashi daga 35 zuwa kusan 37. Ciko da ruwan RO zalla ake yi, ba ruwan gishiri ba. Na'urar ciko mai aiki da kanta ta cancanci kuɗinta fiye da rabin kwalaben kunshin.

Kwalaben

Nan ne ribar dillali take, nan ne kuma tallar ta fi zaƙi. Kwalbar "launi", kwalbar "girma", kwalbar amino, kwalbar aidin, kwalbar sitirontiyam, kowacce da jadawalin ɗigo nata. Sabon tanki mai murjani biyar bai cinye komai ba tukuna, kuma gishirin ya riga ya zo da waɗannan sinadarai. Zuba abin da ba a iya aunawa ba caca ce, kuma aidin da makamantansa idan suka yi yawa guba ne.

Abubuwan da murjani mai ƙashi ke ci da gaske uku ne: alkaliniti, da ake riƙewa tsakanin dKH 7 da 9, kalsiyam, ppm (kashi cikin miliyan) 400 zuwa 450, da magniziyam, ppm 1,250 zuwa 1,350. Na farkon shi ke saurin motsi, shi ake aunawa sau biyu a mako. Duk dKH 1 da murjani ya ci, yana tafiya ne da kimanin ppm 7 na kalsiyam, shi ya sa kalsiyam kan yi kamar bai motsa ba alhali alkaliniti ya faɗi.

Abin da ke cikin kwalbar alkaliniti mai tsada, bekin soda ne ko ɗan'uwansa sodiyam kabonet da aka narkar a ruwa. Giram 3 na bekin soda yana ɗaga lita 100 da dKH 1. Giram 3.7 na kalsiyam kuloraid mai ruwa biyu a ƙwayarsa yana ɗaga lita 100 da ppm 10. Wani masanin kimiyyar sinadarai a Amurka, Randy Holmes-Farley, ya wallafa haɗin gida a 2006 wanda masu tankuna a duniya ke amfani da shi har yanzu. Mai sauƙin cikinsa, idan aka mayar da shi ma'aunin lita, shi ne giram 78 na bekin soda a narkar har ya cika lita 1, sai giram 66 na kalsiyam kuloraid a wata kwalbar daban, shi ma lita 1. Ana zuba su daidai wa daida, a wurin da ruwa ke gudu, da tazarar 'yan mintuna, domin idan suka haɗu a wuri guda alli suke zama. Kada a ɗaga alkaliniti fiye da dKH 1 a kwana. Bekin soda ake nufi, ba bekin foda na kek ba, wanda ke da sitaci kuma sau da yawa da fosfet. Kanwa ma a bar ta a kicin: akwai kabonet a cikinta, amma tare da ƙasa da wasu gishirin da babu wanda ya auna su. Kalsiyam kuloraid a nemi mai darajar abinci ko na ɗakin gwaji.

Akwai kuma maganar nan ta cewa canjin ruwa na kashi 10 duk mako ya wadatar da komai. A tanki mai murjani masu laushi, gaskiya ce. A tankin da ke cin rabin dKH a kwana, mako zai ci 3.5. Idan tankin na kan 7 aka canza kashi 10 da ruwa mai 11, an ƙara 0.4 ne kawai. Haka naitiret: canjin kashi 10 yana sauke 30 zuwa 27. Canjin ruwa na da amfaninsa, amma ba ya maye gurbin awo.

Kuɗin da aka rage daga kwalabe a sa shi a kayan gwaji masu kyau, irin su Salifert ko ƙananan na'urorin Hanna na alkaliniti da fosfet. A duba ranar ƙarewarsu, a kuma ajiye su inda zafi bai kai ba. Gwajin ICP, wato binciken sinadaran ruwa a ɗakin gwaji, da kamfanonin Jamus irin su Triton da ATI ke yi yana da amfani idan ana zargin ƙarfe ya shiga ruwa, amma sai an aika samfur ƙasar waje, kuma rahoton kan zo da jerin kwalaben kamfanin da ya kamata ka saya.

Tsohuwar koyarwa na cewa naitiret da fosfet su zama sifiri, kunshin ma yakan zo da buhun jan gari mai zuƙe fosfet. Tsirran cikin murjani suna buƙatar abubuwan nan biyu. Tankin da aka zuƙe ƙaf yakan samu murjani ya koɗe, sannan wata irin gansakuka mai yauƙi ruwan ƙasa, mai kumfa a jikinta, ta mamaye yashi, wadda ta fi koriyar gansakuka wuyar kawarwa kuma wasu nau'ukanta na kashe dodon koɗi. A riƙe naitiret tsakanin ppm 2 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1. Jan garin ya zauna a kwalinsa sai awo ya nuna ana buƙatarsa.

Sikima, dutse, fitila

Ana tallar sikima a matsayin zuciyar tanki, kuma ana cewa a sayi wadda aka yi wa tanki ninki biyu na naka. Gwaje-gwajen da Ken Feldman na Jami'ar Jihar Pennsylvania ya yi a wajen 2009 da 2010 sun nuna sikima na cire kashi 20 zuwa 35 ne cikin 100 na narkakken dattin da ke ruwa, kuma tsada ba ta kawo wani babban bambanci ba, yayin da gawayin tacewa ke cire fiye da haka. Sikimar da ta fi ƙarfin tanki kuma ba ta samun dattin da zai riƙe kumfarta, sai ta yi ta tashi tana faɗuwa. A Kaduna babban amfaninta shi ne shigar da iska cikin ruwan ɗumi, don haka ta kunshin ta isa, kada a ƙara kuɗi a kan babba.

Sai dai duk iskar ɗakin ta cikinta take bi. Maganin sauro na feshi guba ne mai tsanani ga kifi da jatan lande, haka na ƙonawa. Hayaƙin janareta da na turaren wuta su ma ruwa take kai su. Gidan da ake turare ɗaki safe da yamma, a ja bututun iskar sikimar zuwa waje nesa da janareta, ko a sa masa gwangwanin gawayin tacewa da auduga don ƙurar hunturu. Ranar feshi a kashe sikima, a rufe tanki, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska. Hannun da aka shafa wa man shafawa ko turare, a wanke shi da ruwa zalla kafin ya shiga tanki.

Dutsen da ya yi kwanaki a kwali yana bin hanya daga Legas cikin zafi, yawancin rayuwar da ke jikinsa ta mutu, kuma ruɓewarta amoniya za ta zama, wadda guba ce ga kifi. Yashi "mai rai" na cikin leda ma haka, ana biyan kuɗin nauyin ruwa ne. Busasshen dutsen aragonait, irin dutsen ƙashin murjani, da busasshen yashinsa sun isa, a haɗa da ɗan dutse guda daga tanki mai lafiya. Ƙa'idar "fam ɗaya na dutse ga kowane galan", wato sama da kilo 20 a wannan tankin, ta yi yawa. Kilo 10 zuwa 15 na dutse mai ramuka ya wadatar, ruwa ma zai fi zagayawa. Dutsen kwari na gini da yashin kogin Kaduna ba su dace ba: ba su da ramuka, kuma ba a san ƙarfen da ke cikinsu ba.

Kwalbar bakteriya mai cinye amoniya da ke alƙawarin sa kifi ran farko tana iya aiki idan da ranta ta iso, amma zafin mota na kashe ta. Hanyar sani ɗaya ce: a zuba amoniya har ppm 2, a auna bayan sa'o'i 24. Idan ta sauka kusan sifiri, tanki ya shirya. Idan ba haka ba, a jira mako 3 zuwa 6. Naitirait (daban yake da naitiret) da ake tsorata mutane da shi a ruwan daɗi ba shi da wannan haɗarin a ruwan gishiri.

Fitilar kunshin ta isa murjani masu laushi da masu manyan baki, waɗanda ke buƙatar ƙarfin haske na PAR 50 zuwa 150. Masu rassa irin Acropora na son 200 zuwa 350, kuma ba na shekarar farko ba ne. Haske mai yawa ya fi kashe sabon murjani a kan ƙarancinsa. A fara daga kashi 30 zuwa 40 na ƙarfin fitilar, sa'o'i 8 zuwa 9.

Tankin kansa, mai santimita 90 da 45 da 50, gilashin milimita 10 ya ishe shi, kuma mai aikin gilashi da ya ƙware zai iya haɗa shi a nan gida da silikon zalla, ba na banɗaki mai maganin fumfuna ba. Cike da ruwa da dutse zai doshi kilo 300. Maƙeran Panteka za su yi masa ƙafar ƙarfe mai ƙarfi, amma sai an rufe ta da fentin ifoksi, don ɓurɓushin gishiri na cin ƙarfe da sauri, tsatsar kuma tankin ƙasa take faɗawa.

Kifin da ake cusawa da maganin da ba ya aiki

Kifin nan shuɗi da ake kira blue tang ana sayar da shi yana ɗan yatsa, amma yana kai santimita 30, yana buƙatar tanki mai tsayin kusan mita 2. Lita 200 ba gidansa ba ne. Kifin mandarin kuma ƙananan halittun jikin dutse yake ci, a sabon tanki yunwa ke kashe shi. Clownfish da aka ƙyanƙyashe a gona shi ya fi dacewa, kuma ba ya buƙatar anemone, halittar teku mai kama da fure da yakan fake a cikinta, ko da dillali ya ce sai da ita. Anemone na son tankin da ya haura wata shida, tana yawo, tana iya shiga famfo ta gurɓata ruwan gaba ɗaya. Ƙa'idar dodon koɗi ɗaya ga kowane galan na nufin guda 50 a nan, yawancinsu yunwa za ta kashe su. A fara da 5 zuwa 8.

Cutar farin ɗigo, wadda ƙwayar Cryptocaryon irritans ke haddasawa, tafarnuwa ba ta warkar da ita, haka kwalaben da aka rubuta wa "ba ya cutar da murjani". Abin da ke ruɗar mutane shi ne ƙwayar kan bar jikin kifi da kanta bayan kwana 3 zuwa 7 don ta hayayyafa a ƙasa, sai a ce magani ya yi aiki, bayan mako biyu ta dawo da yawa. Maganin jan ƙarfe yana aiki, amma a wani tanki daban mara dutse, tare da awo kullum: ppm 0.5 ga Cupramine, 2 zuwa 2.5 ga Copper Power. Babban tankin kuma a bar shi babu kifi, kwana 45 idan ana riƙe shi a digiri 27, ko 76 ga mai son cikakken tabbaci. Ƙaramin tankin killacewa na lita 60 da matacin soso ya kamata ya zama cikin kunshin tun farko.

Gabar tekun Najeriya ba ta da irin tudun murjanin da ake ɗebowa don wannan harka, don haka kayan daga nesa suke zuwa, galibi Indunusiya da Ostareliya. Duk murjani mai ƙashi yana rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, shigo da shi na buƙatar takardu, a kuma tambayi dillali nasa. Masu laushin nan da ake kira zoa da paly wasunsu na ɗauke da guba mai haɗari ga mutum: a sa safar hannu da tabarau, kada kuma a taɓa dafa dutsen da suka zauna a kai ko a zuba masa ruwan zafi, domin tururin ya sha kwantar da iyali guda a asibiti.

A nemi a turo masu rai ta jirgin sama cikin akwatin kumfa, ba motar dare ba, kuma a daidaita da dillali a rubuce kan abin da ya iso a mace. Idan sun iso, shawarar a riƙa ɗiga ruwan tanki a kan kifin har sa'a biyu don ya saba ba ta dace da ledar da ta kwana a hanya ba. A rufe, iskar da kifi ya fitar tana sauke pH, wato ruwan ya ƙara tsami, amoniyar da ta taru ta zauna a siffar da ba ta da guba sosai. Da an buɗe leda pH ya fara hawa, amoniyar ta koma guba yayin da kifin ke zaune a ciki. A tambayi dillali yawan gishirin ruwansa tun kafin kaya su taso, a daidaita tankin killacewa da shi. Ledar ta yi minti 15 zuwa 20 a saman ruwa tana rufe don zafi ya daidaita, sannan a buɗe, a auna gishirinta, in bambancin nauyin ruwa bai wuce 0.001 ba a ɗauke kifin a saka shi nan take, ruwan ledar kuma a zubar da shi a kwata. Fitila ta zauna a kashe har washegari.